Maguna sun yi mana yawa a lambun shaƙatawa: mu sa guba, mu kwashe su, ko yaya?

Tambaya: Likita, ni ne shugaban kwamitin da ke kula da wani lambun shaƙatawa a nan Jos, mai wurin wasan yara da rumfunan masu tsire da gasasshen kifi. Magunan da ke kwana a ciki sun kai arba'in. Suna yaga ledojin shara, suna kashi a yashin yara, da dare ba sa barin maƙwabta su runtsa, kwanan nan kuma ɗaya ta yakushi wata yarinya. Kan kwamiti ya rabu: wasu sun ce a barbaɗa musu guba a kifi, wasu sun ce a zuba su a buhu a kai bayan gari. Ni ba na son ɗaukar alhakin dabba, amma iyaye sun fara ƙorafi. Ina mafita?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Bari mu fara da yarinyar, don lamarinta ba ya jiran zaman kwamiti. In farcen ya huda fata, ko da jinin bai taka kara ya karya ba, a kai ta asibiti a gaya musu ƙarara cewa magen waje ce, ba a san ko an taɓa yi mata rigakafi ba. Ko kwanaki sun wuce, a je. Su ne za su duba ko tana buƙatar allurar haukan kare da ta tetanus. Nan gaba kuma, duk wanda aka ciza ko aka yakusa, a fara wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15 kafin a nemi abin hawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kuma har kashi 99 cikin 100 daga kare ne. Ke nan rabon mage kaɗan ne, amma ciwo ne da in alamunsa suka bayyana sai dai addu'a, shi ya sa ba ma wasa da shi. In kun gane magen da ta yi yakushin, ku sa mata ido kwana 10, ba tare da an jinkirta kai yarinyar asibiti ba. In ta mutu a cikin kwanakin nan, ko ta fara wasu halaye na baƙunta, kada a jefar da gawar. Ku kira likitan dabbobi ya aika da kan magen Vom, inda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa take gwada wannan cuta. Mu mutanen Jos mun yi sa'a, cibiyar tana nan kusa da mu tun 1924.

To, yanzu sai maganar arba'in ɗin. Abin da nake so ka kai wa kwamiti shi ne, yawan maguna a wuri abinci ne da haihuwa ke yanke shi. Lambunku yana fitar da abincin da zai riƙe mage arba'in a kullum: kan kifi da kayan cikinsa, kitsen da mai tsire ya yanke ya yar, ragowar shinkafa a leda, da ɓerayen da suka zo cin waɗannan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin wannan abincin yana nan, kowace hanya kuka bi kuka kawar da na yau, wasu za su maye gurbinsu, ko daga gidajen da ke kewaye, ko daga cikin waɗanda suka tsira.

Su kuwa ba sa ɓata lokaci. Mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa biyar, cikin yana kwana 63 zuwa 65, kuma tana iya sake ɗaukar wani tana kan shayarwa. A ƙasashen sanyi gajeruwar rana kan dakatar da su na wasu watanni. A nan tsawon rana ba ya canzawa sosai, don haka babu watan da ba za ka ga mai ciki ba. Wani bincike da aka buga a 2004 kan magunan waje a jihar Karolaina ta Arewa a Amurka ya samu cewa, in an daidaita, mace na haihuwa sau 1.4 a shekara, 'ya'ya uku a ciki guda, kuma kashi 75 cikin 100 na 'ya'yan sun mutu ko sun ɓace kafin su kai wata shida. Mu ari waɗannan alƙaluma mu yi lissafin lambunku. In rabin arba'in mata ne, a shekara za a haifi 'ya'ya kimanin 84. Kimanin 21 za su rayu su ƙara muku yawa. Sauran 63 ɗin za su mutu a ƙarƙashin kwantena da cikin kwalbati, da gudawa, da ciwon ido, da sanyi, da bakin kare. Wanda ya ce a ƙyale su haka nan don tausayi, ya tuna da waɗannan 63 ɗin.

Maganar guba kuwa, ina roƙonka ka rufe ta a zaman farko. Duk likitan dabbobi ya ga magen da aka ba irin su fiya-fiya. Yawu ke dalala har ƙirji, ƙwayar ido ta tsuke, naman jiki yana rawa ƙarƙashin fata, fitsari da gudawa na zuba ba ta sani ba, majina ta cika hanyar numfashi, tana shaƙewa alhali da sauran hankalinta. Wani nau'in maganin ɓera kuma jini yake hanawa daskarewa, dabbar ta yi kwanaki tana zubar da jini a ciki, dasashinta ya yi fari fat, kafin ta mutu a inda ba ku gani, sai wari ya sanar da ku. Sannan kifin da aka barbaɗa wa guba ba ya tantance mai ci. Wuri ne fa da yara ke rarrafe, almajirai ke zagayawa bayan an tashi, karnuka da kajin maƙwabta ke shigowa. Gawar ma guba ce ga hankaka da shaho da ungulu. Yaushe rabonka da ka ga ungulu sun yi dandazo a mahauta? Tun 2015 aka sa irin tamu ta gari cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma guba na cikin abin da ya ci su. Ta fuskar doka ma, dokar hukunta laifuka ta Final Kod ta hana azabtar da dabba, in kuwa tsautsayi ya faɗa kan ɗan mutum, kwamitinku ne zai tsaya gaban alƙali.

Ko da a ce an kawar da kai daga duk wannan, gubar ba ta biyan buƙata. A tsibirin Tasmaniya na Ostareliya masu bincike sun yi wata 13 suna kama magunan daji suna kashewa kaɗan-kaɗan a wasu wurare. Da suka ƙirga, sai suka tarar yawansu ya ƙaru da kashi 75 zuwa 211 cikin 100, wataƙila domin an cire manyan da ke tsare da wurin, baƙi suka kwararo. Ga kuma tsibirin Mariyon na Afirka ta Kudu: an kai maguna biyar a 1949 don su kama ɓeraye, zuwa 1977 sun kai kusan 3,400. Aka sakar musu cuta, aka bi su da bindiga da tarko da guba, ba a ga bayansu ba sai 1991. Tsibiri ke nan a tsakiyar teku, inda sabuwar mage ba ta da hanyar shiga. Ina ga lambun da katangarsa ke jingine da gidajen mutane?

Zubawa a buhu ya fi kama da tausayi a ido, amma ba shi ba ne. Wasu za su shaƙe a hanya. Uwayen da aka kwashe sun bar jarirai a ɓoye, za su yi ta kuka har su yi shiru. Wadda aka sauke a baƙon wuri ba ta san inda ruwa yake ba, ba ta san maɓoya ba, magunan wurin za su kore ta, ta kama hanyar dawowa mota ta take ta. Wadda ta rayu kuma ta koma kan 'yan tsakin mutanen ƙauye, kun ɗauke nauyinku kun aza wa wanda bai ji ba bai gani ba. In direban ya bi ta wajen Laminga, abin ya fi muni, don a can dajin Amurum yake, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis ke aiki tare da Jami'ar Jos. A duwatsun wurin akwai wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu da masana ba su tantance shi a matsayin jinsi mai zaman kansa ba sai a 1998. Irin wannan wuri ba ya buƙatar ko mage ɗaya.

Hanyar da nake ba da shawara ita ce a kama su, likita ya yi musu aikin hana haihuwa, a yi musu rigakafi, a sa alama, a mayar da su inda aka kama su, a kuma toshe abincin banza a lokaci guda. Na san wani a kwamiti zai ce, mun kashe kuɗi mun kama, sannan mu sake su? E. Waɗanda aka mayar su ne za su riƙe wurin su rage shigowar baƙi, ba sa ƙara ko ɗa ɗaya, kuma suna raguwa da kansu a hankali.

A fara da ƙidaya. Maigadinku da mai kifi sun san magunan nan fiye da kowa, su za su ce maka ga mai guntun bindi, ga uwar da ke kwana bayan janareta. A yi mako guda ana ɗaukar hotonsu da waya wajen magariba, a rubuta a littafi: launi, mace ko namiji, mai ciki, mai shayarwa, mai rauni. A nan za ku ga ashe ba iri ɗaya ba ne. Akwai ta gida da aka yasar, wadda ke zuwa tana goga jiki a ƙafarka da bindi a miƙe. Akwai wadda aka haifa a waje, ba ta taɓa jin hannun mutum ba, tana kwantar da kunne tana huci in ka matso. Ta farko gida za a nema mata. Ta biyu ba za ta zauna a ɗaki ba ko ka ba ta naman sa kullum.

Kafin a ɗana tarko ko ɗaya, a gama magana da likita a sa rana. Dalili kuwa, magen da ta taɓa shiga tarko aka sake ta ba a yi komai ba, da wuya ta sake shiga. Tarkon keji ne na waya mai tsawon kusan santimita 80, da faranti a ciki wanda in ta taka ƙofa ta faɗo. Mai walda mai hankali zai ƙera shi in an nuna masa samfuri, a dai tabbata ya goge duk bakin wayar da zai iya yanka. Ban da tarkon igiya, ban da na ƙarfe mai datse ƙafa, ban da sa yara su bi su da sanda a ba su na alewa.

Kwanakin farko a ɗaure ƙofar a buɗe. Yau a ajiye abinci a bakin kejin, gobe a tsakiya, jibi can ƙurya, har su saba cin abinci a ciki. Ana gobe kamu a hana su abinci, ruwa kawai, a kuma roƙi masu rumfuna kada a jefa ko ƙashi. Daren kamu a sa kifin gwangwani ko banda a ƙuryar kejin, a ɗiga ɗan mansa daga baki zuwa ciki, mutum ya koma nesa ya zauna shiru inda yake hangen tarkon. Za ka ga ta zo ta shinshina, ta ja baya, ta zagaya, ta sa ƙafa ɗaya ta tsaya. Da ƙofa ta faɗo za ta haukace, tana dukan waya da fuska har hanci ya fashe. Maganin wannan tsohon zane ne ko bargo: a rufe kejin ruf nan take, cikin ɗan lokaci za ta lafa. Kada a bar tarko a ɗane a tafi barci, kada a bar wadda aka kama a rana ko a ruwan sama, kada kuma kowa ya sa hannu don ya lallashe ta.

A asibiti ana yi mata allurar barci tana cikin kejin. Na muzuru ɗan aiki ne na mintoci, a cire 'ya'yan marainan. Na mace ya fi nauyi, sai an buɗe ciki an cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, a ɗinke da zaren da ke narkewa da kansa, tunda ba za ta dawo cire zare ba. Tana cikin barcin za a yi mata allurar rage zafi, da rigakafin haukan kare irin wanda ya dace da mage, da maganin tsutsar ciki da na ƙuma. In aljihu ya yarda a ƙara da rigakafin nan mai haɗin uku na mura da gudawar maguna. Sannan a yanke tsinin kunnen hagu, kimanin santimita ɗaya, yanka miƙaƙƙe. Wannan ita ce alamar da ake ganewa daga nesa, don kada a sake kama ta a sake buɗe mata ciki a banza.

Ina jan kunne a nan, domin na san halinmu na neman sauƙi. Aikin nan na likitan dabbobi ne mai rajista. Ba a dandaƙe muzuru yadda ake yi wa bunsuru, ba a ɗaure masa roba, ba a sa reza. Kada a ba mage farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Kada a shafa mata maganin kaskar kare ko na wankan shanu, da yawansu guba ne a jikinta. Wani kuma zai kawo shawarar a riƙa yi wa matan allurar tsarin iyali don a guje wa tiyata. Wannan allura tana jawo ruɓar mahaifa da ƙari a nono, ga shi sai an yi ta maimaitawa, alhali kama magen waje sau ɗaya ma aiki ne.

Akwai abin da ya shafe mu musamman a Jos. Dabbar da ke farfaɗowa daga allurar barci ba ta iya riƙe ɗumin jikinta. A daren Disamba ko Janairu, in aka ajiye keji a kan siminti a baranda, da safe ana iya tarar da gawa, a ce likita ne bai iya ba. A sa su a ɗaki mai rufi, a ɗora kejin kan katako ko kwali, a lulluɓe. Muzuru kwana ɗaya ya ishe shi, mace kwana ɗaya zuwa biyu, ko fiye in likita ya ce. Mai shayarwa kuwa a mayar da ita da zarar ta wartsake, kada ta wuce awa 24, don jariranta na jira kuma nononta bai ƙafe ba. Ranar saki a kai kejin daidai inda aka kama ta, da yamma, ƙofa ta juya wa titi baya. Za ta fita a guje, ta ɓace kwana ɗaya ko biyu, sannan ta dawo wurin cin abinci.

Za a tarar da masu ciki, da yawa ma. Ku yanke shawara tun kafin ranar, kada a tsaya gardama mage na kan tebur. Ni a ra'ayina, in cikin ƙarami ne a yi aikin, in ya tsufa a killace ta ta haihu ta yaye, sannan a yi mata. Wadda kuma aka samu da karyayyen baya ko ciwon da ba ya warkewa, likita ya yi mata allurar da za ta tafi cikin barci. Wannan dabam yake da guba, kuma ba a yin sa don rage yawa.

Inda yawancin masu niyyar alheri ke faɗuwa shi ne yin aikin kaɗan-kaɗan. A birnin Rishon Leziyon na Isra'ila an bi wannan shiri shekara 12, aka buga sakamakon a 2022. Yawan maguna ya riƙa raguwa da kimanin kashi 7 cikin 100 a shekara, amma a unguwannin da aka yi wa sama da kashi 70 cikin 100 aiki kawai, kuma sai in unguwannin da ke maƙwabtaka da su ma an yi musu. Ma'anar wannan a wurinku ita ce, cikin arba'in sai an yi wa aƙalla talatin, a cikin 'yan makonni. Wanda ke kai biyu yau, uku bayan Sallah, kuɗinsa yake ƙonawa, domin sauran matan sun cike gurbin kafin ya dawo. In kuɗin bai kai ba, a fara da mata. Amma kada a manta da muzurai, don su ne masu faɗan dare da fitsarin nan mai ƙarni da ake fesa wa bango, kuma ta cizon juna suke yaɗa wasu cututtukansu. Ka kuma lura da kashi 7 ɗin nan: tafiya ce ta shekaru. Kada ka yi wa iyaye alkawarin da ba zai cika ba.

Abin da ke gaggauta raguwar shi ne samar da gidaje. A harabar Jami'ar Tsakiyar Fulorida a Amurka, magunan sun sauko daga 68 a 1996 zuwa 23 a 2002, kuma kusan rabin duk waɗanda suka shiga shirin gida aka samar musu. Ɗan mage yana sabawa da mutum ne tsakanin mako biyu zuwa bakwai da haihuwa. Don haka in kun san inda uwa ta ɓoye su, kada a ɗauke su ido a rufe, a bari su fara cin abinci da kansu, wajen mako biyar zuwa shida, sannan a shigar da su cikin mutane. Kada a ba su madarar shanu, gudawa take sa su. Masu buƙata suna nan: masu shagon hatsi, masu ajiyar abincin kaji, gidajen da ɓera ya addaba. Jos ba baƙuwar zazzaɓin Lassa ba ce, nan aka kawo mai cutar ta farko da aka sani a 1969, a 1970 kuma annobar ta ci ran likita Jeanette Troup a garin nan. Ajiye mage a gida na cikin shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na rage ɓeran da ke yaɗa ta, tare da rufe hatsi da nisanta shara. A dai ba da wadda aka yi wa aiki, ko da sharaɗin za a kawo ta in ta isa, in ba haka ba kun buɗe sabon reshe ne kawai. Sabon mai ita ya kulle ta a ɗaki ko shago mako biyu zuwa uku yana ciyar da ita, kafin ya bar ta ta fita.

Sharar kuwa, ita ce rabin aikin, kuma ita ce mai arha. Durom mai murfi mai nauyi a bayan kowace rumfa, a kwashe kafin a rufe lambu, kada leda ta kwana a ƙasa. A rubuta wannan cikin sharuɗɗan haya, don roƙo ba ya wuce mako guda. Sai dai kada a yanke abincin dare ɗaya a bar su da yunwa, za su bazu cikin gidaje su ƙara tsaurin ido a teburin baƙi. A ware wuri guda can nesa da lilon yara, a ba su abinci sau ɗaya a rana a lokaci sananne, bayan rabin awa a kwashe ragowar, a bar ruwa mai tsabta. Ragowar kifin da ake zubarwa ma ta isa, in an dafa, ba yaji ba albasa. Mutanen da ke ciyar da su a ɓoye saboda Allah, kada a mayar da su abokan gaba. A ba su wannan aikin, su ne za su fi kowa riƙe shi. Kada kuma a ɗauka maguna za su gama muku da ɓera. Ƙananan suke kamawa, manyan na kwata sau da yawa kallo kawai suke yi musu.

Yashin yara a canza shi gaba ɗaya, sannan a riƙa rufe shi da tamfol da zarar an tashi. Kusa da wurin cin abincinsu a zuba musu nasu yashin, mai laushi, za su fi son sa. A kwashe kashin kullum da shebur da safar hannu. Hikimar kullum ɗin ita ce, ƙwayar cutar toksofilasma da ke fita a kashin mage ba ta iya kama mutum sai ta yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje. Illarta ta fi tsanani ga ɗan tayi, saboda haka kada a ba mai shara mai ciki wannan aikin. A sa famfo da sabulu kusa da wurin wasa, a kuma kafa allo cewa kada yara su taɓa ko su bi mage.

Ka yi maganar alhaki, kuma na san za a tambaye ka ko hana dabba haihuwa ya halatta. Ni ba malami ba ne, amma abin da kowa ya sani shi ne hadisin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba, da kuma hadisin Abu Ƙatada cewa mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Game da fiɗiya malamai sun yi saɓani tun da, kuma da dama daga na wannan zamani sun halatta ta in akwai cutar da ake son kawarwa, ba a kuma azabtar da dabbar ba. Ka kai wa limaminku bayanin yadda aikin yake, har da allurar barcin, ya ba ku fatawa. 'Yan uwanmu Kirista na kwamitin suna da nasu a Karin Magana 12:10, inda aka ce adali yana kula da ran dabbarsa. Masu cewa baƙar mage mayya ce kuwa, a asibiti mun buɗe cikin baƙa mun buɗe na fara, abu ɗaya ne a ciki.

Ba zan ɓoye maka raunin wannan hanya ba. Magen da aka yi wa aiki ba ta daina farauta, ko ta ƙoshi za ta kama kurciya da ƙadangare. A lambun tsakiyar gari irin naku na yarda da wannan farashi, domin yawansu zai riƙa sauka. Da a ce lambun yana jikin gandun namun daji na Jos ne ko bakin Amurum, da amsata ta canza: a yi musu aiki amma kada a mayar, a nema musu gidaje ko killataccen wuri.

Batun kuɗi, ku je da jerin magunanku a hannu ku nemi farashin sari, don likitan da zai yi wa goma aiki a rana ɗaya ba zai caje ku kamar mai kawo ɗaya ba. Ku tuntuɓi tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Jos da sashen kula da dabbobi na gwamnatin jiha. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, kuma sau da yawa akan yi rigakafi kyauta a lokacin, sai ku sa kunne. Ku kuma sanar da hukumar da filin ke ƙarƙashinta a rubuce, kada wata rana ma'aikatan tsabta su zo su kwashe waɗanda kuka kashe wa kuɗi. Masu rumfuna su ba da nasu kason, tunda su ma za su huta da satar kifi.

Abin da za ka iya faɗa wa iyaye ba tare da ƙari ba shi ne, kukan dare da faɗa da ƙarnin fitsari za su ragu cikin makonni bayan aikin, yashi zai tsabtata tun daga ranar da aka fara rufe shi, sababbin jarirai za su yi ƙaranci cikin watanni, jimillar kuwa sai a hankali. Mutanen unguwa za su fara kawo nasu su ajiye muku a bakin ƙofa da sun ji ana ciyarwa, don haka a gargaɗe su ta bakin mai unguwa da masallatai da majami'u, a kuma gayyace su su kawo nasu ranar aiki a kan farashin sarin. Littafin ƙidaya ya zauna a hannun maigadi. Duk magen da ya gani da kunnuwa biyu cikakku, ya rubuta ya kira ku, a kama ta cikin wannan watan, kafin ta kai ga haihuwa.